Agola A Cikin Bonet: Me Ya Sa Motar Da Aka Yi Wa Dashen Inji Ke Ƙin Tashi?

Daƙiƙa biyu kacal injin yake yi yana aiki. An murɗa makulli, kik ya juya, silinda takwas sun ɗauka da ruri mai girgiza kwanon gareji, kafin mai motar ya gama washe baki sai ɗif, kamar an ɗauke wuta. A sake murɗawa, a sake samun daƙiƙa biyu. Duk wanda ya taɓa ciro injin V8 daga tsohuwar a-kori-kura ƙirar Chevrolet ya dasa shi a ƙaramar motar gudu a Amurka ya san irin wannan yammaci, kuma a nan da yawa suke fara zubar da kuɗi a banza: sabon famfon mai, sababbin filogi, sabon kwayil. Injin kuwa lafiyarsa lau. Kwamfutarsa ce, wadda makanikanmu ke kira birenbos, ta nemi makullin motar da aka ciro ta, ba ta ji shi ba, ta ɗauka ɓarawo ne ya zo, ta datse mai.

Dashen inji, wato a ciro injin wata mota a sa wa wadda ba ƙirarsu ɗaya ba don neman ƙarin gudu, tsohuwar ɗabi'a ce a Amurka. A 1962 Carroll Shelby, tsohon direban tsere ɗan jihar Teksas, ya ɗauko ƙaramar motar Ingila mai suna AC Ace ya cusa mata injin Ford mai silinda 8, aka samu Cobra, wadda har gobe ake kwaikwayon ƙirarta. Amma abin da ya mai da harkar ta kowa da kowa shi ne dangin injinan da General Motors ya fito da su a 1997, waɗanda ake kira LS. Babban wansu, LS1, ya zo a motar Corvette da lita 5.7 da ƙarfin doki 345. Daga 1999 kamfanin ya riƙa sa ƙannensa masu lita 4.8 da 5.3 da 6.0 a motocin ɗaukar kaya irin su Silverado, sannan Tahoe da Suburban. Miliyoyi aka ƙera. Da motocin suka tsufa ko suka yi hatsari, sai injinan suka cika wuraren 'yan gwanjo, ga araha, ga juriya. Tun 2010 har biki ake yi musu duk shekara a garin Bowling Green na jihar Kentaki, mai suna LS Fest.

Cikin motocin da suka fi karɓar wannan baƙo akwai Nissan 240SX, wadda aka sayar a Amurka daga 1989 zuwa 1998. Ba ta da nauyi, da tayoyin baya take ja, shi ya sa masu wasan zamiya da mota suke mutuwar son ta. Injinta na asali silinda 4 ne, lita 2.4, ƙarfin doki 140 zuwa 155. Injin a-kori-kura mai lita 5.3, ko ba a yi masa wani ƙari ba, ya kusa ninka wannan.

Sai dai inji a jikin motar da ba tasa ba agola ne. A gidan da ya taso, kowace waya ta san inda za ta, kowace ƙusa an auna ta da shi. A sabon gida kuwa, makulli na Nissan ne, tanki na Nissan, feda ta Nissan, aksul na Nissan, shi kaɗai ne ɗan General Motors. Waɗanda suka daɗe a harkar sun san da wuya laifin ya kasance a cikin injin. Yana maƙale ne a mahaɗa, wuraren da aikin kamfani biyu ya haɗu, kuma hannun mutum ne ya haɗa su, sau da yawa da tsakar dare, a gajiye.

Kafin a ɗauko sufana

Gwanin makanike yakan fara da kunne. “Ta ƙi tashi” magana ce mai faɗi, kuma ciwo huɗu ko biyar ne ke amsa wannan suna.

Idan an murɗa makulli an ji tsit, ko ƙas ba ta yi ba, to saƙon bai isa kik ba. Daga makulli zuwa kik akwai mai gadi a hanya. A mota mai kuloci, ɗan makunni ne a ƙarƙashin feda. A mai atomatik kuwa yana jikin giyabos, yana tabbatar da cewa giya na kan P ko N. To a ce 240SX ɗin atomatik ce tun asali, aka sauke tsohon giyabos aka sa na hannu: mai gadin ya tafi tare da shi, wayoyinsa biyu na reto a ƙarƙashin mota, hanya a yanke. Masu dashe a BMW suna gamuwa da wani mai gadin daban, na'urar hana sata mai suna EWS, wadda daga farkon 1995 take tare wutar kik ɗin kanta idan ba ta gane makulli ba.

Idan kuwa ana jin ƙas-ƙas, ko kik yana juyawa da ƙyar kamar mai ciwon baya, yawancin mutane batir suke tuhuma, su sayo sabo, abin ya ƙi sauyawa. A motocin dashe akan mayar da batir cikin but, saboda V8 ya cinye filin bonet. Wayar da a da ba ta kai mita ɗaya ba yanzu ta zama mita huɗu ko biyar, alhali kik na V8 yana iya zuƙar amfiya 200 a lokacin juyawa. Siririyar waya ba za ta ɗauki wannan ba. Abin da ya fi wannan yawa ma shi ne hanyar komawar wuta, wadda rewaya ke kira at. Inji a kan robobi yake zaune, roba kuwa ba ta ɗaukar wuta. Idan ba a ɗaura kakkaurar waya daga jikin inji zuwa shasi ba, ko an ɗaura ta a kan sabon fentin da mai motar yake alfahari da shi, wutar za ta nemi wata hanya da kanta. Tana iya bi ta wayar totur ko ta tiyon kuloci mai saƙar ƙarfe, har su yi zafi su narke.

Gwajin wannan ba ya cin ko kwabo, mita kawai yake so. Batir mai cikakken caji yana nuna bolt 12.6 a zaune, kuma bai kamata ya faɗo ƙasa da 9.6 ba yayin da kik ke juyawa. Sai a sa baki ɗaya na mita a kan batir, ɗaya a kan babbar ƙusar kik, yaron gareji ya murɗa makulli. Abin da mita ta nuna shi ne wutar da ke zubewa a hanya. Ya wuce rabin bolt, waya ce ko mahaɗarta. A maimaita tsakanin jikin inji da ɗaya kan batir ɗin. Minti biyar ya isa a wanke batir da kik daga zargi.

Akwai kuma motar da ke tashi da bugu ɗaya da safe, a yi tafiyar awa guda, a tsaya gidan mai, ta ce ba ta san zance ba. A ba ta rabin awa ta huce, ta tashi kamar ba ita ba. Kik na LS yana gefen dama na injin, can ƙasa, kuma a matsattsen bonet na Nissan bututun hayaƙi kusan gogarsa yake yi. Jan ƙarfen da ke cikin kik yana ƙara taurin kai ga wuta da kimanin kashi 0.4 cikin 100 a duk digiri ɗaya na zafi. Idan zafinsa ya hau da digiri 100, taurin ya ƙaru da kusan kashi 40. Maganinta garkuwar zafi tsakanin kik da bututu, da rile da zai kai wa kik cikakkiyar wuta kai tsaye daga batir.

Wadda ta fi cin rai ita ce mai juyawa garau amma ba ta ɗauka. A nan akwai wani tarko da ya kama mutane ba adadi. Makullin mota yana da wayoyin da ke da wuta idan an kunna, amma suke ɗaukewa a daidai lokacin da ake murɗa kik, irin na rediyo da fanka, don a rage wa batir nauyi. Rewaya ya gwada da fitilar gwaji, ya ga wuta, ya jona birenbos da kwayil a kai. Ga wuta a ko'ina idan makulli na tsaye. Ana murɗawa birenbos ya mutu, ana saki ya farfaɗo. Har sai an gwada wayar yayin da kik ke juyawa asirin ke tonuwa.

Tarko na biyu yana cikin injin, amma ba lalacewa ba ce. A jikin kiranshaf akwai wani faifai mai haƙora da sensa ke ƙirgawa don birenbos ya san lokacin ba da wuta. Tsofaffin LS suna da mai ƙirga 24. Daga 2006 a Corvette, da 2007 a motocin ɗaukar kaya, aka koma mai 58. Wanda ya sayo inji a wuri ɗaya, birenbos a wani wuri, yana iya haɗa masu yare daban-daban, kuma ko shekara za a yi ana murɗawa ba za ta ɗauka ba. Abin sauƙi shi ne ana gane su da ido: a leƙa bayan kik, sensa baƙa ta 24 ce, mai ruwan toka ta 58. Kamfanin Lingenfelter yana sayar da ɗan akwatin da ke yi musu tafinta. Wanda ke da na'urar sikanin kuwa, ya duba lambar juyin inji yayin murɗa kik. In ta tsaya a sifili, birenbos ba ya ganin kiranshaf, kuma babu amfanin taɓa nozul ko filogi.

Sai mai. Injin LS yana son matsin mai na psi 58, wato ba 4, shi kuwa tsarin Nissan an gina shi a kan ba 3, da famfon da ya haura shekara 25 a cikin tanki. Idan an kunna makulli ya kamata a ji famfo ya yi kuka na daƙiƙa biyu ya tsaya. Jin kukan bai isa shaida ba, domin akan juya tiyon zuwa da na komawa, famfo ya yi ta aiki mai bai kai ko'ina ba. Agogon auna matsi ne kaɗai ke raba gardama.

Ita kuwa mai daƙiƙa biyun nan, sunan ciwonta VATS, tsarin hana sata na General Motors, kuma da kwamfuta ake cire shi, da manhaja irin HP Tuners ko EFILive. Tana da ƙanwa: motar da ke tafiya lafiya, amma da an taka kuloci za a tsaya a shataletale sai ta mutu. Galibi birenbos ne ba ya samun labarin gudun mota daga giyabos, don haka bai san ana shirin tsayawa ba balle ya riƙe silo.

Ta tashi, saura tafiya

Ranar da inji ya tashi akan yi murna, a ɗauki bidiyo, a tura wa abokai. Rabin aikin ke nan. Ƙarfin murɗawar LS1 ya ninka na injin Nissan har da ɗoriya, kuma duk wannan ƙarfi sai ya bi ta kuloci, da giyabos, da furofela, da aksul kafin ya taɓa kwalta.

Giyabos ɗin da aka fi haɗawa da LS shi ne T56 mai giya 6, wanda akan ciro daga Camaro da Firebird na 1998 zuwa 2002. Kukan farko da ake yi da shi: giya ba ta shiga idan inji na aiki, amma a kashe tana shiga sumul. Ma'anarsa kuloci ba ya saki gaba ɗaya. Kulocin ƙasa na T56 a cikin ƙoƙon giyabos yake, ya zagaye shaf, ba kamar na yawancin motocin da aka saba gani maƙale a waje ba. Tazarar da ke tsakaninsa da yatsun faifan kuloci sai an auna ta kafin a ɗaura, ta faɗa tsakanin milimita 3 zuwa 5 ko abin da mai ƙera kulocin ya rubuta, a cike gibin da zoben ƙarfe idan ta yi yawa. Wanda ya tsallake wannan awo na minti goma zai sake sauke giyabos, aikin yini guda. Kafin a kai ga haka, a tabbatar an cire iska, kuma kulocin sama na Nissan yana tura man da ya isa, domin an yi shi ne don ƙaramin kuloci, shi ya sa da yawa suke sauya shi da mai faɗin baki.

Wasu abubuwan biyu game da T56 suna sa a zagi giyabos bisa zalunci. Na farko, man giyar atomatik yake sha, nau'in Dexron III. Wanda ya ɗura masa man giya mai kauri saboda ya ga na hannu ne zai sha kokawa da sandar giya kowace safiya. Na biyu, yana da ɗan makulli na lantarki da ke hana a faɗa ribas bisa kuskure ana cikin gudu, kuma birenbos ne ke buɗe shi idan mota ta kusa tsayawa. In ba a jona wayarsa ba, shiga ribas sai da hannu biyu.

A tsakiyar fulawil, cikin gindin kiranshaf, akwai ƙaramin boris da ke riƙe kan shaf ɗin giyabos. Injinan a-kori-kura kusan duk daga motocin atomatik suke, ba su zo da shi ba, kuma mantawa da shi yana cinye boris ɗin giyabos cikin ɗan lokaci. Cire tsoho ma da nasa haɗari. Makanikai suna da tsohuwar dabara: a cika ramin da giris, wasu har da burodi, a zura ƙarfe a doka da guduma, matsin ya turo boris waje. A injin LS1 wannan dabara ɓarna ce, domin can ƙarshen ramin akwai wani murfi da ke tare baƙin mai. Dukan sai ya tura murfin ciki, mai ya biyo ramin ya jiƙe sabon faifan kuloci sharkaf. Mai sayen lita 6.0 na 1999 da 2000 kuma ya sani gindin kiranshaf ɗinsa ya fi na saura tsawo da kusan milimita 10, kuma wannan ɗan bambanci ya isa ya rikita duk lissafin fulawil.

Daga nan sai girgiza, wadda ta fi kowane ciwo wahalar kamawa saboda ko'ina ake jin ta. Hanyar rarrabewa mai sauƙi ce. A tsaye, giya a firi, a taka totur. In ta girgiza, a duba fulawil, da robobin inji, da bututun hayaƙin da ke taɓa shasi ko sandar sitiyari. In sai ana gudu take yi, a kai wannan gudun a saki giya a firi, inji ya koma silo. In girgizar na nan, daga furofela ne zuwa taya.

Furofela ce aka fi samu da laifi. Gaɓar kuros idan ta lanƙwasa ba ta juyawa da gudu ɗaya: a kowane zagaye tana sauri sau biyu, tana lafawa sau biyu. Kuros na ɗaya ƙarshen ne ke goge wannan, amma sai idan lanƙwasar tasu ta yi daidai da juna. Ƙa'idar da masu ƙera furofela suke bi ita ce kowace kada ta wuce digiri 3, kuma bambancinsu kada ya kai digiri 1. A motar dashe kuwa an ɗan sunkuyar da inji baya don bonet ya rufu, an ɗan matsar da shi gefe don ya kauce wa sitiyari, wa ya tuna da digiri? Ga kuma gudu. Aksul na 240SX yana rage juyi da 4.08, wato a kilomita 120 cikin awa furofela tana juyawa fiye da sau 4,000 a minti ɗaya. Kuskuren da ido ba ya gani, a wannan gudu sai ya sa madubi rawa. Awon bai fi ƙarfin wayar hannu ba: a ɗora ta a bakin giyabos, a kan furofela, a bakin aksul, a rubuta lambobi uku a yi ragi, sannan a ɗaga ko a sauke gindin giyabos da wasa har su daidaita.

Can baya kuma akwai tsallen taya. Direba ya saki kuloci da ƙarfi, tayoyi su kama ƙasa su saki, su kama su saki, mota ta riƙa duka kamar ana sakwara. Tsofaffin robobin da ke riƙe da aksul ne ke lotsawa suna dawowa, kuma kowane duka guduma ce a kan shaf. Akasarin shaf ɗin da ke karyewa a nan suke karyewa. A BMW ƙirar E46 abin ya fi muni, domin ko da injinta na asali an san ta da tsagewar ƙarfen ƙasan but a inda aksul yake ɗaure, shi ya sa masu dashe suke walda faranti a wurin tun kafin su sa inji. Birki kuwa, abin takaici, shi ake bari ƙarshe idan kuɗi sun ƙare, alhali da shi ya kamata a fara.

Daga Soweto zuwa Ƙofar Ruwa

A Afirka wani inji ne ke taka rawar LS. Toyota ya fito da 1UZ a 1989 cikin Lexus LS400, silinda 8, lita 4.0, ƙarfin doki 250. A Afirka ta Kudu ana dasa shi a Hilux da Land Cruiser, da kuma tsohuwar BMW 325i da 'yan wasan juya mota na Soweto ke kira gusheshe. Mahaɗarsa ma tana da nata ciwon. Da giyabos na atomatik kaɗai ya fito daga kamfani, don haka mai son giyar hannu sai ya sa farantin haɗi, kuma idan tsakiyar giyabos ta kauce wa tsakiyar kiranshaf da fiye da milimita 0.13, boris da kuloci ne za su biya. Birenbos na farko-farkon LS400 an san shi da wasu ƙananan kayan ciki da ke yoyo idan sun tsufa, su jawo wahalar tashi da mutuwa a silo. Na baya-bayan kuma suna neman makullinsu na asali. Wannan ya sa da yawa a can suke ajiye birenbos na Toyota su sa na gida irin Spitronics.

Irin waɗannan injina suna shigowa Najeriya cikin kayan tokumbo, ana samun su a Ladipo ta Legas, da Apo ta Abuja, da Panteka ta Kaduna, da Ƙofar Ruwa ta Kano, kuma makanikan waɗannan wurare sun daɗe suna sa injin Toyota a motocin da ba Toyota ba. Abin da ya fi ba su wahala tun daga wurin saye yake farawa, domin sau da yawa injin yakan iso da wayarin ɗinsa a datse da almakashi. Mai niyyar dashe ya nemi inji da birenbos ɗinsa na mota ɗaya, da wayarin cikakke har sokit, da sensar iska, da fedar totur idan ta lantarki ce, da makullin in akwai. Ya kuma karɓi rasit mai ɗauke da lambar injin, don ana iya neman ta wajen takardun mota.